Yajin Aikin Masu Kula Da Zaurukan Tambaya Da Amsa

Daga Wakilinmu na Arewa

Ran Litinin 5 ga watan Yuni na 2023 waɗansu mutane suka shiga yajin aiki, amma ba a ga kowa a kan titi ɗauke da kwali ba, ba a kuma garƙame ƙofar wata masana'anta ba. Masu yajin ba su nemi ƙarin albashi ba, gama tun asali ba a biyan su ko kwabo. A warwatse suke cikin ƙasashe dabam-dabam, galibinsu ma ba su taɓa ganin juna ido da ido ba. Su ne masu kula da zaurukan tambaya da amsa na kamfanin Stack Exchange a intanet, watau mutanen da ke share datti, su raba faɗa, su kori 'yan talla da masu zage-zage, don mai tambaya ya samu wurin da zai yi tambaya a ba shi amsa ta ƙwarai. Wata biyu cur suka yi hannu a naɗe.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu? Da ruwanmu. Yaranmu masu koyon aikin kwamfuta a Ikko da Badun da Fatakwal, in aiki ya cije musu, wannan zauren suka saba faɗawa ko da ba su taɓa yin rajista ba, domin in ka rubuta matsalarka a Google sau da yawa can zai kai ka. Ban da haka kuma, ainihin abin da ya haddasa rigimar abu ne da duk wanda ya taɓa zama a ƙasar da ba tasa ba ya san shi: jama'a su zaɓi dattawansu, su shimfiɗa wa kansu ƙa'ida, amma takardar fili tana hannun wani.

ASALIN ZAUREN

Waɗansu Amurkawa biyu masu rubuta manhajar kwamfuta, Jeff Atwood da Joel Spolsky, su suka buɗe Stack Overflow cikin watan Satumba na 2008. Kafin sa'an nan mai neman amsa sai ya kutsa cikin doguwar hira shafi bayan shafi kafin ya tsinci abin da yake nema, ko kuwa ya tarar an ɓoye amsar sai ya biya kuɗi. Su biyun suka ce za su gina wurin da tambaya za ta tsaya ita kaɗai a sama, amsoshi su jeru a ƙarƙashinta, jama'a su jefa ƙuri'a, wadda ta fi kyau ta hau kan sauran, kowa kuma ya karanta kyauta. Abin ya karɓu ƙwarai da gaske, har tambayoyin da aka tara suka haura miliyan 20. Daga baya aka yi ta buɗe irin wannan zaure don lissafi, da girke-girke, da aikin lambu, da tafiye-tafiye, da harsuna, da addinai, har suka wuce 170, aka haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya, Stack Exchange. Shi Stack Overflow akwai shi da Rashanci da Japananci da harsunan Sipaniya da Fotugal. Da Hausa kam babu.

Ba yadda kamfani zai ɗauki ma'aikatan da za su duba dubban tambayoyi kowace rana, saboda haka aka ɗora aikin a kan masu shigowa su da kansu, ta hanyar maki. Tsarin da aka yi shekara da shekaru ana bi shi ne, sabon shiga yana farawa da maki 1. In wani ya yaba amsarka da ƙuri'a ka samu maki 10, in kuwa mai tambayar ya ce taka ce ta warware masa matsala ka samu 15. In an kushe ta a cire maka 2, shi ma wanda ya kushe amsar a cire masa 1, don kada mutane su riƙa kushe na wasu a banza. Iyakar makinka, iyakar ikonka. Da maki 15 kana iya jefa ƙuri'ar yabo, da 50 kana iya sa baki a ƙarƙashin rubutun wani, da 125 kana iya kushewa. In ka kai 2,000 sai ka gyara rubutun kowa ba tare da neman izini ba, in ka kai 3,000 kuwa ka shiga sahun masu ikon rufe tambaya. Wani Bature ɗan Ingila mai aiki a Google a lokacin, Jon Skeet, ya cika maki miliyan 1 a farkon 2018. Makin nan dai ba ya sayen ko burodi, suna ne kawai, sai dai wani lokaci yakan taimaki mutum wajen neman aiki.

A bisa waɗannan duka akwai masu kula, waɗanda ake ganewa da wata 'yar alama kusa da sunansu, mai kama da zi ta karta. Zaɓen su ake yi. Mutum ya tsaya takara, ya amsa tambayoyin jama'a, duk mai maki 150 ya jefa ƙuri'a, wanda ya ci kuwa ba shi da wa'adi sai ran da ya gaji ya sauka. Mai kula yana iya goge rubutu shi kaɗai, yana iya dakatar da mutum kwana 7, in ya sake kwana 30, in ya sake shekara guda. A Stack Overflow, duk da girmansa, ba su cika wuce mutum 30 ba. Atwood ya rubuta tun 2009 cewa aikinsu shi ne su sa hannu a inda jama'a suka kasa, kuma gwanin cikinsu shi ne wanda ba a cika ganin hannunsa ba. Amma fa kowannensu sai ya sa hannu a wata yarjejeniya da kamfani, wadda a cikinta ya yarda zai bi dokokin kamfanin, zai kuma riƙe sirrin abin da ya gani. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

BA SALLAMA, BA GODIYA

Mu da aka rene mu a kan cewa ba a shiga zauren mutane sai da sallama, ba a kuma fara magana sai an gaisa an tambayi gida da gajiya, ƙa'idar farko ta wannan zaure za ta ba mu mamaki. A nan gaisuwa shara ce. In ka buɗe tambayarka da gaisuwa ka rufe da godiya, wani zai zo ya goge su, kuma dokar zaure tana bayansa. Tun 2011 ma na'urar kanta take ciccire gaisuwar da ke farkon rubutu kafin ya fito. Hujjarsu ita ce tambayar ba taka ba ce kai kaɗai. Mutum ɗaya ne ya rubuta ta, amma dubbai za su karanta ta shekara da shekaru bayan kai ka manta da ita, kuma kowannensu sauri yake yi. In kana son gode wa wanda ya amsa maka, ka jefa masa ƙuri'a. Sun ɗauki wurin kamar ɗakin ajiye littattafai ne da ake ginawa a hankali, alhali baƙon da ya shigo yana ɗaukar sa kamar majalisar ƙofar gida inda ake taimakon juna. Rabin faɗace-faɗacen da aka yi a zauren daga nan suka samo asali.

Abin da ya fi gaisuwa ciwo shi ne rufe tambaya. An daɗe ana rufe tambayar da ba ta fito fili ba, da wadda ta haɗa abubuwa da yawa, da wadda amsarta ra'ayi ce, kamar mutum ya ce wace kwamfuta ta fi kyau in saya. Sau da yawa kuwa akan rufe tambaya ne don an taɓa yin irinta, sai a liƙa mata hanyar zuwa tsohuwar a hana kowa sake amsawa. Da can sai mutum 5 sun haɗu ake rufewa, amma daga watan Disamba na 2019 aka mai da shi 3 a Stack Overflow. Tun 2014 kuma wanda ya samu lambar zinariya a wani fanni yana iya rufe maimaitacciyar tambaya a fannin nan shi kaɗai. Wanda tambayoyinsa suka sha kushe da yawa, na'ura da kanta takan hana shi sake tambaya, ba tare da wani ɗan Adam ya yanke masa hukunci ba.

A ganina dokar tana da hankali a cikinta. Wanda ya amsa tambaya ɗaya sau hamsin ba zai amsa ta hamsin da ɗaya da fara'a ba, kuma in gwanaye suka gaji suka tafi, ba a bar wa baƙo kome ba. An ga abin da ya faru da Yahoo Answers, wanda aka buɗe 2005 aka bar shi kusan kara zube, shirme da ba'a suka cika shi har aka rufe shi ran 4 ga watan Mayu na 2021. Amma kuma ka dubi yaron da ya kwana yana fama da aiki, ya harhaɗa Turancinsa da ƙyar ya yi tambaya, kafin ya sha ruwa an kushe ta an rufe, an tura shi ga wata amsa ta shekara goma da ta wuce wadda ba ta dace da sabon kayan aikin da ke hannunsa ba. Wannan yaron ba zai ce an bi doka ba, zai ce an wulaƙanta shi.

Cikin watan Afrilu na 2018 wani babban jami'in kamfanin, Jay Hanlon, ya fito fili ya yarda cewa mutane da yawa suna ganin zauren a matsayin wuri mai tsangwama da girman kai, musamman sababbin shiga da mata da waɗanda ba farar fata ba. Cikin watan Agusta aka fito da sabuwar dokar ɗa'a, aka kuma fara sa wa sabon shiga alama don a bi shi a hankali. Tsofaffin zaure da yawa ba su ji daɗin maganar ba. Suka ce mu ne muka share wurin nan kyauta shekara goma, yau kuma a gaban duniya ake kiran mu marasa kirki, kayan aikin da muka daɗe muna roƙo kuwa ba a ba mu ba. Daga nan ne ɓaraka ta fara bayyana. Shi kamfani yawan masu shigowa yake so, domin a kansu yake samun kuɗin talla da ciniki, su kuwa masu shara tsabtar wuri ce a gabansu.

KORAR DA TA TADA ƘURA

Rigima ta farko mai girma ta tashi ne a kan wakilin suna. A Turanci, kamar a Hausa, akwai "shi" akwai "ita". A Amurka da Turai akwai mutanen da ke neman a kira su da wakilin sunan da suka zaɓa wa kansu, waɗansu ma na neman a yi musu amfani da kalmar jam'i, kwatankwacin "su", alhali mutum ɗaya ne. Cikin 2019 kamfanin yana shirin sa wannan a cikin dokarsa, aka yi ta muhawara a ɗakin hira na sirri da masu kula kaɗai ke shiga. Cikin masu magana akwai wata Bayahudiya, marubuciya, mai kula da zauruka 6, wadda ake ganin girmanta ƙwarai. Ita dai ta ce abin da ta yi tambaya ce: wanda salon rubutunsa shi ne ya kauce wa wakilin suna gaba ɗaya, shin ya karya doka? Kamfani kuwa ya ce ta yi ta saɓa dokar ɗa'a, an yi mata magana ta ƙi sauyawa.

Ran Jumma'a 27 ga watan Satumba na 2019 aka cire mata alamar mai kula a dukan zaurukan, dab da shigar Asabar ɗin da Yahudawa ba sa taɓa aiki, ga kuma bikin sabuwar shekararsu na biye. Ba a zaunar da ita an karanta mata laifinta ba, sabuwar dokar kuwa ba a ma fito da ita ba sai cikin watan Oktoba. Sa'an nan kamfanin ya yi magana a kanta da sunanta ga wata jaridar Ingila mai suna The Register. Nan fa wuri ya yamutse. Masu kula gommai suka ajiye muƙami ko suka daina aiki, cikinsu har da waɗanda suke goyon bayan sabuwar dokar ɗari bisa ɗari. Abin da suka tsaya a kai shi ne, in ana iya tuɓe wanda jama'a suka zaɓa dare ɗaya ba shari'a, a kuma kai sunansa jarida, to ba wanda ya tsira a cikinsu. Su ma mutanen da aka yi dokar dominsu sun rubuta tasu wasiƙar, suka ce a cikin wannan hayaniya su aka fi zagi, kuma kamfanin bai kare su ba. Kowane ɓangare dai da kamfani yake kuka.

Cikin Oktoba babban jami'in fasaha na kamfanin, David Fullerton, ya ba da haƙuri a kan yadda aka tafiyar da al'amarin. Matar ta nemi gudummawa don ta kai ƙarar ɓata suna, aka tara mata fiye da dala 25,000. Ran 23 ga watan Disamba aka sanar an yi sulhu, kamfanin ya ce ya yi imani ba da mugun nufi ta yi abin da ta yi ba, ya kuma yi nadamar ambaton sunanta ga 'yan jarida. Aka ce tana iya neman a mai da ita, amma ba ta koma ba. Cikin watan Janairu na 2020 kuma kamfanin ya sallami biyu daga cikin tsofaffin ma'aikatansa da ke tsakaninsa da jama'a, waɗanda masu kula suka fi amincewa da su. Waɗansu da suka yi fushi suka je suka kafa nasu zauren mai suna Codidact, wanda ba na neman riba ba ne, sai dai bai tara jama'a ko kusa da na tsohon ba. Abin da aka samu daga wannan rigima shi ne an rubuta hanyar da za a bi kafin a tuɓe mai kula da hanyar ɗaukaka ƙara, kamfanin kuma ya yi alkawarin ba zai sake yin magana da jarida a kan mutum ɗaya daga cikinsu ba.

NA'URA TA SHIGO ZAURE

Cikin watan Yuni na 2021 aka sanar an sayar da kamfanin ga Prosus, wani kamfanin zuba jari da ke Amsterdam wanda Naspers na Afirka ta Kudu ke da rinjaye a cikinsa, a kan dala miliyan 1,800. Waɗanda suka rubuta tambayoyi da amsoshin da suka sa wurin ya yi wannan daraja ba su samu ko sisi ba, ba su kuma yi tsammani ba. Amma wanda ya zuba irin wannan kuɗi dole ya nemi ribarsa.

Ran 30 ga watan Nuwamba na 2022 kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, na'urar da za ka yi wa tambaya ta rubuto maka amsa nan take cikin Turanci mai santsi. Ba a yi mako guda ba masu neman maki a sauƙaƙe suka fara kwaso amsoshinta suna zubawa a zaure. Ran 5 ga watan Disamba masu kula da Stack Overflow suka haramta hakan. Dalilinsu shi ne amsar na'urar takan yi kama da gaskiya alhali sau da yawa kuskure ce, kuma samar da ita ba ya ɗaukar minti guda, gano kuskurenta kuwa sai gwani ya zauna ya bi ta layi-layi. Tsarin ƙuri'a an gina shi ne bisa zaton cewa muguwar amsa ana ganin ta daga nesa, to ga wadda ba a gani. Aka shiga gogewa da dakatar da mutane, da farko kuma kamfanin bai hana ba.

Kwatsam a ƙarshen watan Mayu na 2023 sai kamfanin ya ba masu kula umarni su daina goge rubutu ko dakatar da mutum don kawai suna zaton na'ura ce ta rubuta. Ya ce manhajojin da ake gano rubutun na'ura da su suna yawan kama marar laifi, yana kuma zargin ana zaluntar mutanen waɗansu ƙasashe, ga shi masu ba da amsa suna ta raguwa. A nan ya kamata a yi wa kamfanin adalci, domin maganar ta shafe mu kai tsaye. A shekarar nan waɗansu masana na Jami'ar Stanford sun gwada irin waɗannan manhajoji guda 7 a kan rubuce-rubucen jarrabawar Turanci na ɗaliban da Turanci ba harshen uwarsu ba ne, suka tarar ana ɗaukar fiye da rabinsu a matsayin aikin na'ura, alhali na yaran Amurka kusan duka sun wuce lafiya. Wanda ya koyi Turanci a makaranta yakan yi amfani da kalmomi kaɗan da jimloli masu bin ƙa'ida, wannan kuwa shi ne abin da manhajar ke ɗauka alamar na'ura. Watau ɗan Kano ko ɗan Zariya da ya zauna ya rubuta amsarsa da hannunsa ya fi Ba'amurke haɗarin a kira shi maƙaryaci.

Masu kula suka ce ai su ba da waɗannan manhajoji suke aiki ba, sun daɗe da sanin ba su da tabbas. Abin da suke dubawa shi ne, alal misali, mutumin da jiya ba ya iya haɗa jimla biyu yau ya zubo dogayen amsoshi tsaf-tsaf ɗaya bayan ɗaya cikin 'yan mintoci a fannoni dabam-dabam. Amma abin da ya fi ƙona musu rai shi ne umarnin iri biyu ne. Akwai wanda aka ba su a ɗakinsu na sirri, mai tsanani, akwai kuma wanda aka buga wa jama'a washegari, mai sauƙi-sauƙi. Yarjejeniyar riƙe sirrin nan da muka ambata ta hana su nuna wa jama'a na farkon. Ga mutanen da suka zaɓe su suna kawo ƙara a kan rubutun na'ura, ga su an ɗaure musu hannu, an kuma hana su faɗin abin da ya ɗaure su. Ba a shawarce su ba kafin a yanke, alhali dokar da aka soke jama'ar zaure ne suka kafa ta.

YAJI DA SULHU

Suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa wadda mutum fiye da 1,000 suka sa wa hannu. Cikin masu kula fiye da 500 da ke zaurukan duka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu suka shiga yajin, a Stack Overflow kuwa mafi yawansu ne. Masu maki da yawa su ma suka daina rufe tambaya da duba sababbin rubuce-rubuce. Akwai wata manhaja mai suna SmokeDetector da 'yan sa kai suka ƙera don kama 'yan talla da 'yan damfara, ita ma aka kashe ta. Ƙorafe-ƙorafen da ke jiran hukunci suka taru har dubbai. Ana cikin haka sai ta fito cewa tun watan Maris kamfanin ya dakatar da wata al'ada tasa a asirce, ta fitar da kwafin dukan tambayoyi da amsoshi kowane wata uku don kowa ya ɗauka kyauta. Wannan kwafi shi ne jinginar da jama'a ke riƙe da ita tun farko, cewa ko da kamfanin ya lalace aikinsu ba zai salwanta ba, kuma ba za a kulle shi a sayar musu ba. Da aka yi ca a kansa, kamfanin ya dawo da ita cikin watan Yuni.

Masu yaji suka zaɓi wakilai 3 suka zauna da kamfanin. Ran 2 ga watan Agusta aka bayyana abin da aka daidaita a kai, ran 7 ga wata aka koma aiki. An yarda masu kula su ci gaba da cire rubutun na'ura, amma bisa alamomin da aka zauna aka tantance tare, ko alama ɗaya mai ƙarfi ko raunana da yawa a haɗe. An yarda ba za a sake ba su dokar sirri da ta shafi jama'a ba, kuma duk sabuwar doka sai an ajiye ta gabansu kwana 7 na aiki su faɗi ra'ayinsu kafin ta fara aiki. An kuma buɗe hanyar da za su bi in suna ganin kamfanin ne da kansa ya saɓa yarjejeniya. Ga mutanen da ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su kuma da albashin da za a riƙe musu, wannan ba ƙaramar nasara ba ce. Sai dai in an lura, ra'ayi aka ce za su bayar, yanke hukunci yana nan inda yake.

Ba a daɗe ba aka ga haka. Cikin Oktoba na 2023 kamfanin ya sallami kashi 28 cikin 100 na ma'aikatansa. Cikin Fabrairu na 2024 ya ƙulla ciniki da Google, ran 6 ga watan Mayu kuma da OpenAI, don su yi amfani da taskar zauren wajen inganta na'urorinsu. Waɗansu da suka ji haushi suka tashi goge amsoshinsu, suka tarar na'ura ba ta barin a goge amsar da mai tambaya ya riga ya karɓa. Sai suka koma ɓata rubutun suna sa kalmomin ƙin yarda a madadinsa. A dokar zaure kuwa wannan ɓarna ce, domin duk abin da ka rubuta ka riga ka ba da shi ƙarƙashin lasisin da ba a janyewa. Saboda haka aka mai da rubuce-rubucen yadda suke aka dakatar da masu yi, kuma wannan aikin a wuyan masu kula ya faɗa, su da suka yi wata biyu suna yaji a kan na'urar nan a shekarar da ta gabata.

A halin nan kuwa masu tambayar kansu suna ta janyewa. Wajen 2014 akan yi tambaya kimanin 200,000 a wata a Stack Overflow. Zuwa tsakiyar 2025 adadin ya faɗo ya koma kamar na 2009, lokacin da zauren yake jariri. Raguwar ta fara tun kafin ChatGPT, amma zuwansa ya ƙara mata gudu ƙwarai. Yaron nan da aka rufe wa tambaya yanzu ya samu inda zai yi ta sau goma da irin Turancin da ya iya, ya yi sallama in ya ga dama, ba mai kushe shi, ko da yake ba mai gaya masa in amsar kuskure ce.

Akwai zaure ɗaya da ya yi dabara tun da wuri, shi ne MathOverflow na manyan masana lissafi, wanda waɗansu matasan masana a Jami'ar Berkeley suka kafa cikin 2009. Da za su shiga cikin Stack Exchange sosai a 2013, sai suka kafa ƙungiyarsu wadda ba ta neman riba, suka riƙe sunan zauren da adireshinsa a hannunsu, suka kuma sa aka rubuta a yarjejeniya cewa duk ran da suka ga dama suna iya kwashe tambayoyinsu da amsoshinsu su koma wani wuri. Lokacin rikicin 2023 an tayar da maganar tashi a tsakaninsu, aka tattauna, amma ba su tashi ba.